Jan Biro da Tunanin Ɗalibi: Laifin Launi ne ko na Malami?

1.0 Gabatarwa

A wata shekara da aka tura ni duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa, na shiga aji biyar na wata makarantar firamare daidai lokacin da ɗalibin namu yake mayar wa yara littattafan insha'in da ya duba. Idona ya faɗa kan wata yarinya a layin baya. Da ta karɓi nata, sai ta ɗan ɗaga bangon kamar mai leƙen tukunya a kan wuta, ta mayar ta rufe, ta cusa shi cikin jaka. Ko kalma ɗaya ba ta karanta ba. Da aka fita tara, na nemi a nuna mini littafin. Insha'i ne mai layi goma sha biyu a kan ranar kasuwa, kuma tunanin da ke cikinsa a tsare yake. Amma jan biro ya bi kusan kowane layi: nan an kewaye, can an soke, ga kuma maki uku bisa goma a ƙasa. Da na ƙirga kurakuran, sai na tarar iri biyu ne kacal suke ta maimaituwa, wato rashin sa ƙugiya a baƙaƙen ɓ da ɗ da ƙ, da kuma haɗa kalmomin da ya kamata a raba. Na tambayi ɗalibin namu dalilin wannan ɓarin jar tawada, sai ya ce da ni, "Malam, ai mu ma haka aka yi mana."

Abin da ya tsaya mini a rai tun daga ranar shi ne, yarinyar nan ta yanke wa kanta hukunci tun kafin ta karanta abin da aka rubuta mata. Launi ya riga kalma isa zuciyarta. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu tattauna wata tambaya da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe suna kai-kawo a kanta: shin launi yana iya sauya yadda mutum yake tunani, har ya taɓa sakamakonsa a jarrabawa? Ra'ayin da zan kare a wannan maƙala shi ne, launi ba ya ƙara basira, ba ya kuma rage ta. Aikinsa shi ne ya ɗauki ma'anar da al'umma ta ɗora masa, ya isar da ita cikin ƙiftawar ido. A cikin aji kuwa, babu mai ɗora wa launi ma'ana kamar malami.

2.0 Abin da Binciken Farko ya Nuna

Binciken da ya fi yin fice a wannan fage shi ne wanda Andrew Elliot na Jami'ar Rochester a Amurka ya gudanar tare da abokan aikinsa, aka buga a shekarar 2007. A gwajin farko, an ba ɗaliban jami'a baƙaƙen da aka hargitsa, aka ce su harhaɗa su su fitar da kalmomi. Tambayoyin kowa iri ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne launin tawadar da aka rubuta lambar ɗalibi da ita a saman takarda: wasu ja, wasu kore, wasu baƙi. Waɗanda aka rubuta tasu da ja su ne suka fi ƙarancin maki. An sake irin wannan gwaji a Jamus da sassan jarrabawar kaifin basira, inda aka bar ɗalibai su kalli bangon takardar na 'yan daƙiƙu kafin su fara, aka kuma sami sakamako mai kama da na farko. A wani gwajin ma, da aka ba su zaɓi tsakanin tambayoyi masu sauƙi da masu wuya, waɗanda suka ga ja sun fi karkata ga masu sauƙi. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne, a fagen jarrabawa ja yana tuna wa mutum faɗuwa da haɗari, sai zuciyarsa ta koma ga kauce wa kuskure maimakon neman nasara, alhali shi kansa bai san hakan na faruwa ba.

Bayan shekara biyu, wato a 2009, Ravi Mehta da Juliet Zhu na Jami'ar British Columbia a Kanada suka buga nasu binciken a mujallar Science. Su kuma fuskar kwamfuta suka rina da ja ko shuɗi, suka ba mutane ayyuka iri-iri. Abin da suka ruwaito shi ne, ja ya taimaka a ayyukan da ke bukatar lura da ƙananan abubuwa, kamar haddace kalmomi da tace rubutu, shuɗi kuwa ya taimaka a ayyukan ƙirƙira, kamar lissafo amfanin da za a iya yi da tubali ɗaya. Idan aka yi la'akari da wannan, ke nan tsoron da ja yake kawowa yana iya zama alheri ga mai tace rubutu, ya zama cikas ga mai tsara insha'i.

Har a fagen wasanni an sami makamancin haka. Russell Hill da Robert Barton na Jami'ar Durham a Ingila sun nazarci sakamakon dambe da takwando da kokawa iri biyu a gasar Olamfik ta 2004 da aka yi a birnin Athens na Girka, inda ake raba wa 'yan wasa jajaye ko shuɗɗan kaya ba bisa zaɓinsu ba. Sun tarar masu jajayen kaya sun lashe kimanin kashi 55 cikin 100 na karawar.

3.0 Wajibcin Taka-tsantsan

Da maganar ta tsaya a nan, da sai mu ce a kwashe jajayen birurruka a zubar, a shafe azuzuwa da shuɗin fenti, a huta. Sai dai ba a nan gizo yake saƙar ba. Ƙa'idar kimiyya ita ce, ba a amincewa da sakamako sai wasu sun maimaita gwajin sun sami abin da aka samu. A shekarar 2014, Kenneth Steele a Amurka ya maimaita ɗaya daga cikin gwaje-gwajen Mehta da Zhu da mutane masu yawa fiye da nasu, bai kuwa sami bambancin da suka ruwaito ba. A 2020 kuma, Timo Gnambs ya tattara binciken da aka yi a kan tasirin ja ga jarrabawar basira, ya auna su a dunƙule. Ya gano cewa gwaje-gwajen farko ne suka nuna tasiri mai girma, waɗanda suka biyo baya kuwa tasirin sai raguwa yake yi. Da ya yi la'akari da cewa mujallu sun fi son buga binciken da ya gano wani abu fiye da wanda bai gano komai ba, sai ya kammala da cewa babu ƙwaƙƙwarar hujjar da ke tabbatar da cewa kallon ja yana rage maki.

Akwai darasi babba a nan ga ɗalibin kwalejin ilimi, wanda ya zarce batun launi. Kalmar nan "bincike ya nuna" tana da nauyi a kunnen mutanenmu, har takan kashe muhawara. Malamin kirki yakan tambaya: mutum nawa aka gwada? A wace ƙasa? An maimaita? Wanda zai koyar da 'ya'yan jama'a bai kamata ya zama mai haɗiye duk abin da aka miƙo masa ba, ko da daga babbar mujalla ya fito. Saboda haka, duk ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ya ce jan bango ne ya kayar da shi, a tambaye shi daren da ya raba yana bita.

To, idan haka ne, ina matsayin yarinyar da ta cusa littafinta cikin jaka? A nan ne nake ganin kimiyyar harshe tana da abin cewa.

4.0 Launi, Harshe da Ma'ana

Akwai wani gwaji guda da aka maimaita ba adadi, bai kuma taɓa ba da kunya ba. John Ridley Stroop ne ya bayyana shi a 1935, kuma kowa yana iya yin sa a aji. A rubuta kalmar "kore" da jar tawada, a rubuta "ja" da shuɗiya, a rubuta "baƙi" da koriya, sannan a ce wa mutum ya faɗi launin tawadar da sauri, kada ya karanta kalmar. Za a ga yana inda-inda, harshensa yana sarƙewa. Dalili kuwa shi ne, karatu ya zama jiki ga wanda ya iya, ido yana ganin kalma ƙwaƙwalwa ta karanta ta ko ba a so, sai ma'anar kalma da launin tawada su yi karo. Wanda bai iya karanta harshen ba kuwa, zai faɗi launukan tiryan-tiryan. Wannan ya nuna mana cewa launi da harshe a hanya ɗaya suke tafiya a cikin tunani, har sukan tare wa juna gaba.

Bugu da ƙari, harsuna ba su raba launuka iri ɗaya ba. Brent Berlin da Paul Kay, a littafinsu na 1969, sun nuna cewa harshen da yake da kalmomin launi na asali guda biyu kawai, to na fari da baƙi ne, idan kuma uku ne, ta ukun ita ce ja. Harshen Rashanci yana da kalmomi biyu mabambanta ga shuɗi mai haske da shuɗi mai duhu, kuma binciken Jonathan Winawer da abokan aikinsa na 2007 ya nuna cewa Rashawa sun fi saurin bambance launuka biyu idan sun faɗa ɓangarori daban-daban na wannan iyaka da harshensu ya shata.

Mu duba namu harshen. Fari da baƙi da ja su ne iyayen launuka a Hausa. Kowannensu yana da amsa-kama tasa: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur. Da yawa daga cikin sauran kuwa sai mun jingina su da wani abu kafin su tsaya: ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan hoda. Rawaya ma sunan tsiro ne da ake rini da saiwarsa. Rawanin ɗan Kura da ya sha baba a marina, wanda mai wani harshen zai kira shuɗi mai duhu, Bahaushe baƙi yake ce masa. Waɗannan ukun ne kuma muka fi ɗora wa ma'anoni. Muna da farin ciki da farin jini da farar aniya; muna da baƙin ciki da baƙin jini da baƙar magana. Ja kuwa, a bakin Bahaushe, ƙarfi ne da tsanani da jarunta: jan aiki, jan hali, jan gwarzo. A lura da kyau, babu inda harshenmu na gado ya haɗa ja da faɗuwa ko kasawa.

Haka abin yake a tsarin karatunmu na allo. Matakan farko na koyon karatu sunayen launi ne da su, wato babbaƙu da farfaru, kuma har yau "baƙi" muke kiran harafi. A Alƙur'anan da alarammomin Kano da Borno suke rubutawa da hannu, ana rubuta baƙaƙe da baƙar tawada, a sa wasula da ja, a ɗiga hamza da rawaya. Almajirin da ya ga ja a wannan shafi jagora ya gani, mai nuna masa yadda zai furta kalma daidai. Gabansa ba ya faɗuwa. A can ƙasar Sin ma, ja launin murna ne da sa'a, kuma a kasuwar hannun jarinsu da ja ake nuna tashin farashi, saɓanin Amurka inda yake nuna faɗuwa.

Daga ina ke nan yaron Bahaushe ya koyi tsoron ja a takarda? A makarantar boko ya koya, daga hannunmu. Mu ne muke soke kuskure da ja, mu rubuta makin darasin da aka faɗi da ja a katin sakamako, har uban da bai iya karatun boko ba ya san ya ƙirga jajayen wurare ya ɗauko bulala. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ko da kallon ja na daƙiƙa biyu a ɗakin gwaji bai rage makin kowa ba, shekara shida na ganin ja tare da tsawa da dariyar 'yan aji sun isa su sa yaro ya daina buɗe littafinsa. Gyaran da ba a karanta ba kuwa, wahalar banza malami ya sha.

5.0 Jan Biro a Hannun Mai Dubawa

Akwai wani ɓangare da ba kasafai ake kula da shi ba, wato tasirin launi a kan mai yanke hukunci. A 2008, Norbert Hagemann da abokan aikinsa a Jamus sun nuna wa alƙalan wasan takwando hotunan bidiyo na karawa, sannan suka sauya launin kayan 'yan wasan da kwamfuta suka sake nuna musu. Karawar ba ta canza ba, amma alƙalan sun ba mai jajayen kaya maki fiye da na mai shuɗɗa da kimanin kashi 13 cikin 100. Ashe wani kaso na nasarar ja a idon alƙali yake. A 2010 kuma, Abraham Rutchick da abokan aikinsa a Amurka sun ba mutane insha'i su duba, wasu da jan biro wasu da shuɗi. Masu jan biro sun fi zaƙulo kurakurai, sun kuma fi rowar maki. Wannan ma bincike ne da ya kamata a riƙe shi da irin taka-tsantsan ɗin da muka ambata, amma duk wanda ya taɓa zama gaban tarin takardu da daddare ya san yadda hannu yake ƙaiƙayin soka idan ya riƙe jan biro.

Wasu makarantu a Ingila sun ɗauki matakin sauya jan biro da kore ko wani launi. Ni ban ga wannan a matsayin magani ba. Idan malami ya ci gaba da kewaye kowace kalma, yana rubuta baƙar magana a ƙasan shafi, ba za a yi zango biyu ba kore zai gaji tsoron da ake yi wa ja. Akwai kuma masu cewa, kamar yadda ɗalibina ya ce, da jan biro aka duba mu, ga shi kuwa mun zama abin da muka zama. Amsata gare su ita ce, mu da muka tsallake ne muke ba da labari. Abokan karatunmu da suka yanke ƙauna tun a aji huɗu suka bar makaranta, ba a gayyace su wannan muhawara ba.

6.0 Shawarwari ga Malaman Gobe

Na farko, a rage yawan jan, a ƙara masa ma'ana. Tun a 1933 Hedwig von Restorff ta nuna a Jamus cewa abin da ya fita daban a cikin jeri shi ne ya fi zama a ƙwaƙwalwa. Idan shafi duka ja ne, babu abin da ya fita daban. Da ɗalibin namu ya ja layi a ƙarƙashin kalmomi uku kawai, ya rubuta a gefe cewa "ƙafa" ake rubutawa ba "kafa" ba, "sun tafi" ba "suntafi" ba, da yarinyar ta koyi ƙa'idoji biyu a ranar.

Na biyu, biron da ya nuna kuskure shi ne ya kamata ya nuna abin yabo. Idan ɗalibi ya kawo karin magana a muhallinta, ko ya gina jimla mai kyau, a yi mata alama da jan nan, a rubuta "madalla". Ta haka yaro zai koyi cewa ja muryar malami ce, wadda takan gyara, takan kuma yaba.

Na uku, a yi adalci a takardar jarrabawa. Wasu malamai sukan buga tambayoyi a takardu masu launi daban-daban don hana satar amsa. Tunda ana gwada ɗalibai ne da ma'auni ɗaya, ya fi dacewa kowa ya sami takarda iri ɗaya, baƙin rubutu a kan fara, a bambanta rukunin tambayoyin da lamba ko harafi. Rubutun da ya dushe a kan takarda mai duhu yana cin lokacin mai karatu, wannan kuwa ba ya bukatar wani dogon bincike.

Na huɗu, a yi amfani da allin launi wajen koyarwa, amma bisa tsari. Idan ana koyar da tsayin wasali ko karin sauti ko baƙaƙe masu ƙugiya, a ware launi ɗaya ga abin da ake son a lura da shi, kamar bambancin "baki" da "baƙi", ko "bari" da "ɓari", a kuma dawwama a kan wannan launin har ƙarshen zango. Wannan dabara ce da alarammomi suka riga mu sani.

Na biyar, a tuna cewa ba kowane yaro ne yake ganin launi yadda muke gani ba. Akwai larurar kasa bambance ja da kore, wadda ake gado, ta kuma fi yawa ga maza. A tsakanin Turawa takan shafi kusan namiji ɗaya cikin 12, ko da yake ba ta kai haka yawa ba a Afirka. Likitan ido ɗan Japan, Shinobu Ishihara, ya fito da hotunan gwada ta tun 1917, kuma har yanzu ana amfani da su. Yaron da ya kasa karanta taswira ko jadawalin da aka bambanta da ja da kore kaɗai, mai yiwuwa ba daƙiƙanci ne yake damun sa ba. Saboda haka, duk inda aka sa launi, a haɗa shi da wata alama, kamar jan layi ko rubutu.

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga cewa binciken farko ya danganta ja da raguwar maki, amma nazarin da ya biyo baya ya raunana wannan da'awa. Mun kuma ga cewa launi da harshe suna cuɗanya a cikin tunani, kuma ma'anar launi koyon ta ake yi, shi ya sa jan da yake jagora a shafin alaramma ya zama abin fargaba a littafin insha'i. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma a wannan shari'a kason malami ya fi na tawada yawa. Nan da ɗan lokaci kowannenku zai tsaya gaban aji, a miƙa masa rajista da alli da jan biro. Kafin ya ɗora biron a kan aikin yaro, ya tambayi kansa ko abin da zai rubuta zai sa yaron ya buɗe littafin ya karanta, ko kuwa zai sa ya cusa shi cikin jaka.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin sakamakon binciken 2007 da na 2020 a kan jan launi. Wane darasi malami zai koya daga wannan bambanci?
2. Kawo maganganun Hausa guda biyar-biyar da aka gina da fari da baƙi da ja, ban da waɗanda aka ambata, ka bayyana ma'anar kowacce.
3. Gudanar da gwajin Stroop da kalmomin Hausa a kan abokan karatunka biyar, ka rubuta abin da ka lura da shi.
4. Marubucin yana ganin sauya jan biro da kore ba magani ba ne. Ka yarda ko ba ka yarda ba? Kafa hujjojinka a cikin insha'in da bai wuce shafi biyu ba.